Kayan Zaƙi Marasa Sinadarin Dabba da Matsayinsu a Abincin Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan kayan zaƙin da ake haɗawa ba tare da ƙwai ko madara ko man shanu ko zuma ba. An duba aƙidar da ta haifar da su da dabarun haɗa su, sannan aka auna kayan maƙulashen Hausawa da wannan ma'auni.

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 1944 ne Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiya a Ingila, suka kuma ƙirƙiri kalmar vegan domin su bambanta kansu da waɗanda nama kaɗai suka daina ci. Mabiya wannan aƙida suna ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har da nono da ƙwai da zuma. Ƙauracewar ta fi wuya a wajen kayan zaƙi, domin kek da ayis-kirim da sauran abubuwan da Turawa ke rufe cin abinci da su, da waɗannan sinadarai ake yin su.

2.0 Dabarun Haɗi

Mai haɗi yakan fara da gano aikin da sinadarin dabba yake yi, sannan ya nemi tsiron da zai maye gurbinsa. Ƙwai yana da aiki biyu: yana riƙe kwaɓi, yana kuma sa shi ya tashi. Nunanniyar ayaba da aka dama tana yin aikin farko. Na biyun kuwa, a shekarar 2014 aka gano a Faransa cewa ruwan da aka dafa wake a cikinsa yana yin kumfa kamar farin ƙwai idan aka kaɗa shi. Madarar kwakwa ko ta waken suya tana maye gurbin ta shanu, man kwakwa kuma ya tsaya a matsayin man shanu. Jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, ana musanya shi da aga, wani sinadarin ciyawar teku da Japanawa suka daɗe suna amfani da shi.

3.0 Kayan Maƙulashen Hausawa

Idan aka ɗora kayan maƙulashen Hausawa a kan wannan ma'auni, za su kasu gida uku. Kashi na farko tsiro ne zalla: ƙantun riɗi, da dakuwa, da alewar ɗinya, da tsami-gaye na garin 'ya'yan kuka, da kunun gyaɗa, da kunun aya. Shi kunun aya, ana jiƙa aya ne a markaɗa ta da dabino da kwakwa a tace, kuma mutanen Balansiya ta ƙasar Sifen suna da irinsa. Kashi na biyu ba ya shiga ko kaɗan, wato tuwon madara da gullisuwa da iloka. Kashi na uku ya danganta da hannun mai yi. Alkaki yana shiga idan ba a kwaɓa shi da nono ba, kuma a ruwan sukari da tsamiya aka tsoma shi maimakon zuma. Nakiya kuwa, zuma da man shanu ne ke fitar da ita.

4.0 Lokacin Ci

Bahaushe bai keɓe wa zaƙi gurbi a ƙarshen cin abinci ba. Yana cin sa ne a tsakanin abinci, da lokacin buɗa-baki, da wajen biki, inda alkaki da nakiya ke cikin kayan gara. Ƙantu da alkaki suna daɗewa a ajiye, amma kunun aya saurin tsami gare shi, don haka a ranar da aka yi shi ake shan sa da sanyinsa.

5.0 Kammalawa

Aƙidar baƙuwa ce a ƙasar Hausa, inda nono da zuma ke da daraja a al'ada da addini, amma da yawa daga cikin kayan da take nema sun daɗe a hannun matan Hausawa. Yanzu biskit da alewar kanti suna ture su daga farantin talla. Akwai buƙatar manazarta su taskace sunayensu da yadda ake haɗa su tun masu sanin suna raye.