Undertaker: Baƙar malafa da doguwar kwat da suka ruɗi 'yan kallo har a fim ɗin Indiya

MAI karatu, in kana cikin ma'abota finafinan Indiya, da wuya a ce ba ka kalli *Khiladiyon Ka Khiladi* ba, fim ɗin nan na Akshay Kumar da Rekha da Raveena Tandon wanda darakta Umesh Mehra ya fitar a 1996. Ka tuna wurin da Akshay ya yi gaba da gaba da wani ƙaton Bature mai baƙaƙen kaya, gashi ya rufe masa fuska? Shekara da shekaru samari suna rantsuwa cewa Undertaker ne da kan sa, har wasu na kafa hujja da fim ɗin wai Akshay ya taɓa kayar da shi. To ba shi ba ne. Wani ɗan kokawa ne mai suna Brian Lee aka yi wa shigar, kuma Akshay da kan sa ya tabbatar da haka a 2021, lokacin da fim ɗin ya cika shekara 25.

Abin tambaya shi ne, wace irin sutura ce wannan da za a ɗauke ta a saka wa wani mutum daban, amma miliyoyin 'yan kallo su kasa ganewa?

Sunan sa na yanka Mark Calaway, an haife shi a birnin Houston na jihar Teksas ta Amurka a 1965. Kafin ya zama abin da ya zama, ya yi kokawa a kamfanin WCW da sunan Mean Mark Callous. Ga tsawo, ga ƙarfi, ga jan gashi, amma kayan sa irin na kowa ne, don haka ba wanda ya damu da shi sosai. Sai a ranar 22 ga Nuwamba, 1990, a gasar Survivor Series ta kamfanin WWF, aka ga wani mutum ya fito yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar gawa. Doguwar baƙar kwat har ƙasan gwiwa. Baƙar malafa mai faɗin baki da ta yi wa idanun sa inuwa. Faffaɗan naktaye mai ratsin ruwan toka, safar hannu, takalman ma an lulluɓe su da ruwan toka. An shafe masa fuska ta yi fari fat, ƙarƙashin ido kuma ya yi duhu.

Ita kalmar Undertaker ɗin, wadda yaran mu suka mayar "Andateka", ma'anar ta mutumin da sana'ar sa shirya gawa da binne ta. Shigar kuwa an kwaikwayo ta ne daga irin masu wannan sana'a da ake nunawa a finafinan kaboyi, waɗanda kan tsaya a gefen titi suna jira a yi harbe-harbe su samu ciniki. A farkon 1991 aka haɗa shi da manaja Paul Bearer, mai ɗauke da wata tukunyar ƙarfe irin wadda wasu Turawa ke adana tokar mamaci a ciki. Abin ban sha'awa, shi William Moody da ke fitowa a matsayin Paul Bearer, da gaske ya yi karatun sana'ar shirya gawa, har da lasisin sa.

Dole a duba zamanin kafin a gane dalilin da ya sa shigar ta yi tasiri. Lokaci ne na launi barkatai. Hulk Hogan na cikin ja da ruwan ɗorawa, yana yage riga yana ihu. Ultimate Warrior ya zane fuska, ya ɗaura igiyoyi kala-kala a damtse, yana shigowa da gudu. Macho Man kuwa ba a magana, ƙyalƙyali tun daga hula har tabarau. Kowa na neman a kalle shi ta hanyar hayaniya. Sai ga mutum ɗaya cikin baƙi da ruwan toka, ba ya gudu, ba ya dariya, in an doke shi ma ba ya nuna ya ji. Shekara guda kacal da fitowar sa ya karɓe kambun WWF daga hannun Hogan, a Survivor Series ta 1991. A wannan shekarar ce ma ya fito tare da Hogan ɗin a fim ɗin *Suburban Commando*, amma da yake babu malafa babu kwat, mutane da yawa sun kalla ba su ma lura da shi ba.

Ni a gani na, ƙarfin shigar ba a ɗinkin yake ba, a yadda yake sarrafa ta ne. Duk wanda ya zauna a gidan kallo aka saka kaset ɗin resilin ya san tsarin. Wuta ta ɗauke, ƙararrawa ta buga, hayaƙi ya turnuƙe. Sai ya ɗauki mintuna kafin ya iso fage. Ya cire kwat a tsanake. Malafa ita ce ta ƙarshe, kuma yana ɗage ta sai ka ga ya juya idanu sun koma fari. Kai! A nan ne ƙananan yara ke maƙalewa a bayan yayyen su. Har gardama ake yi a kan wai ya taɓa mutuwa ya dawo, alhali kowa ya san wasa ne tsararre, kamar dai fim.

Yanzu sai mu koma kan Brian Lee, domin ba a Indiya ya fara saka kayan ba. A Janairun 1994 Yokozuna da taron mutanen sa suka rufe Undertaker a akwatin gawa a gasar Royal Rumble, ya ɓace na watanni (hutu ya tafi don jinyar ciwon baya). Ana nan sai Ted DiBiase ya fito da wani ya ce ai ga Undertaker ya dawo hannun sa. Brian Lee ne, sanye da kwat da malafa da safar hannu ruwan toka, an sako masa gashi ya rufe fuska don kada a gane. Paul Bearer ya ce ƙarya ne, na gaske yana nan tafe. Aka saka ranar 29 ga Agusta, 1994, a gasar SummerSlam a birnin Shikago: Undertaker zai kara da Undertaker.

Matsalar masu shiri ita ce yaya ɗan kallo da ke can saman bene zai bambance su? Sai suka canja wa na gasken launi. Duk inda ruwan toka yake a da, safar hannu da lulluɓin takalmi, aka mayar da shi shunayya. A gaskiya wasan bai yi armashi ba, mutane biyu ne masu tafiyar hawainiya suna kwaikwayon juna, 'yan kallo ma sun yi tsit. Na gaske ya yi nasara, aka tura na jabu a akwatin gawa. Amma shunayyar nan ta zauna, har yau akwai masu cewa ita ce shigar sa mafi kyau.

Daga nan ya riƙa sauyawa. A ƙarshen 1995 ƙashin da ke kewaye da idon sa ya karye da gaske, sai aka yi masa wani abin rufe rabin fuska ruwan toka, raunin ya koma ado. A Survivor Series ta 1996 a Niyok ya sauko daga rufin ɗakin wasa cikin baƙar fata da fukafukai kamar na jemage. A 1999 ya koma doguwar riga mai hula da tsinin gemu.

Babbar kasada ita ce ta Mayun 2000. Ya dawo daga jinya a kan babur, da wandon jins, da baƙin tabarau, da ƙyalle ɗaure a ka. Daga baya ma ya rage gashin. Masoyan sa suka rabu biyu. Wasu suka ce zamani ya canja, dole ya fito a mutum ya yi magana kamar kowa. Wasu suka ce ai masu babur da jins sun yi yawa a Amurka, amma mai malafa ɗaya ne. Ni ina tare da na biyun, ko da yake ba a ƙwace masa cewa ya yi wasanni masu kyau a shekarun. Ranar 14 ga Maris, 2004, a WrestleMania ta 20, da Paul Bearer ya fito da tukunyar sa, masu riƙe da wuta suka jeru, sannan aka hango bakin malafa cikin hayaƙi, ihun da aka yi ya isa amsa. Abin da ya riƙo daga zamanin babur shi ne safar hannu mai yankakkun yatsu irin ta masu damben keji.

A cikin wannan shigar Brock Lesnar ya karya masa tarihin nasara 21 a jere a WrestleMania a 2014. A cikin ta kuma ya yi abin da ya sa manyan mutane hawaye ranar 2 ga Afrilu, 2017, a birnin Orlando. Bayan Roman Reigns ya kayar da shi, bai ɗauki makirfo ba, bai ce uffan ba. Ya tsaya a tsakiyar fage, ya cire safar hannu ya ajiye. Ya cire kwat ya ninke ta ya ɗora. Ya daɗe kafin ya kai hannu ga malafa, sannan ya ɗora ta a kai ya fita. Kowa ya ɗauka ritaya ce.

Ashe da sauran sa. Ya dawo a 2018 ya kayar da John Cena cikin 'yan mintuna, wasu masoyan ma suka ji haushi cewa ya ɓata waccan kyakkyawar sallama. Wasan sa na ƙarshe da AJ Styles ne a 2020, wanda aka ɗauka kamar fim a wata maƙabarta da aka shirya, kuma a kan babur ya zo. Sallamar gaske ya yi ta ne a Survivor Series ranar 22 ga Nuwamba, 2020, shekara 30 cif da fitowar sa ta farko, cikin kwat da malafa, a ɗakin da babu ɗan kallo ko ɗaya a kujera saboda annobar korona. Da aka karrama shi a zauren gwarzayen WWE a 2022, an jera tsofaffin kayan sa a jikin gumakan tallar tufafi a kan dandamali. Ya gama dogon jawabin sa a matsayin Mark Calaway, sannan ya juya ya ɗauki kwat da malafa ya saka kafin ya sauka.