Maƙtal: Rubutun da Juyayin Ashura Ya Dogara da Shi

Duk shekara idan watan cika-ciki ya kama, muhawara kan juyayin Ashura takan taso daga Zariya da Kano har zuwa unguwannin Hausawan Duwala irin su New Bell, inda faifan majalisun makoki ke yawo a wayoyi, kuma abin da aka fi maimaitawa shi ne wai labarin da ake kuka a kansa ƙirƙirar Iran ce bayan juyin 1979. Wannan magana ba ta da tushe, domin maƙtal, wato littafin da ke ba da labarin kisan Imam Husaini a Karbala ranar 10 ga Muharram 61 bayan hijira, ya girmi wannan juyi da shekaru sama da dubu. Abu Mikhnaf na Kufa, wanda ya rasu a 157 bayan hijira, ya tattara riwayoyin daga bakin mutanen da suka ga abin ko suka ji daga waɗanda suka gani, kuma da yake littafinsa ya ɓace, tarihin Ɗabari, malamin da Ahlus Sunna ke ji da shi, ya zama rumbun da ya adana mafi yawansu.

A zaman makoki mai karatu yakan bi labarin daki-daki da murya mai karyewa, ya tsaya a kan hana ruwan kogin Furat, da faɗuwar Abbas, ɗan'uwan Imam Husaini, a hanyar ɗebo ruwan, da jaririn da kibiya ta sama a hannun mahaifinsa Imam Husaini, sannan marsiyya, wato waƙar yabon mamaci da kukan rashinsa, ta biyo baya. Da ma'aunin wannan labari na Karbala mabiya Harkar Musulunci, ƙungiyar 'yan Shi'a a Najeriya, suka fahimci kashe-kashen Zariya na Disamba 2015, inda gwamnatin Kaduna ta amsa cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya, lamarin da hukuma ba ta ɗauke shi da nauyin da ya kamata ba.

Sai dai ba duk abin da ake karantawa ke da inganci ba. Rawdatus Shuhada na Kashifi, wanda aka rubuta da Farisanci a farkon ƙarni na 16 na miladiyya, ya yaɗa ƙare-ƙare irin su labarin auren Ƙasim, ɗan ɗan'uwan Imam Husaini, a filin daga, kuma malaman Shi'a da kansu, musamman Mirza Husaini Nuri da Murtala Mutahhari, sun yi kakkausar suka ga masu karatun da ke fifita zubar hawaye a kan ingancin riwaya. Faifan da ke yawo a waya kuwa ba kasafai yake faɗin littafin da aka ɗauko labarin ba.