Kuɗin gwamnati da kalmomin allon tarihi: misalin Emmett Till a jahar Misisipi

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba allunan da ake kafawa a Amurka don tunawa da gwagwarmayar neman ƴancin baƙar fata. Abin da muke son nunawa shi ne, allon tarihi matani ne, kuma kowane matani yana da mai magana (énonciateur). In hukuma ta sa kuɗinta ko sunanta bisa allo, to maganar da ke rubuce ta tashi daga ƙorafin dangi, ta zama shaidar jaha.

2. Abin da ya faru

Emmett Till yaro ne baƙar fata, ɗan shekara 14, daga birnin Shikago. A watan Agusta 1955 ya zo hutu wajen danginsa a Misisipi. Aka zarge shi da rashin ladabi ga wata farar fata a wani kanti na ƙauyen Money. Ranar 28 ga wata aka ɗauke shi da dare aka kashe, aka jefa gawarsa a kogin Tallahatchie. A watan Satumba kotun garin Sumner ta sallami mutum biyu da ake tuhuma, Roy Bryant da J. W. Milam. Masu taya alƙali yanke hukunci su 12 ne, dukansu farar fata. A Janairu 1956 mutanen biyu suka amsa laifinsu a mujallar Look.

An yi shekara 50 kafin sunan yaron ya hau allon hukuma a wannan yanki: sai a 2005 majalisar jaha ta sa wa wani ɓangaren hanyar mota sunansa. Alhali tun 1913 mutum-mutumin sojan Kudu, wato ɓangaren da ya yi yaƙi don a ci gaba da bauta, yake tsaye a harabar kotun Sumner. Rashin allo ma ke nan magana ne.

3. Ginin jimla

Masu nazarin nahawu sun san bambancin "an kashe shi" da "wane ya kashe shi". Jimla ta farko tana faɗin aiki ta ɓoye aikau, ta biyu tana kama suna. Allon da aka kafa gaban kotun Sumner a 2007, da sunan ma'aikatar adana tarihi ta jaha, ya yi amfani da duka biyun. Ya fara da cewa an tsinci gawar yaron a kogi. Sa'an nan ya ambaci sunayen mutanen biyu, ya ce farar fata zalla ne suka wanke su, ya ƙara da cewa daga baya sun amsa kisan. Ashe jahar da kotunta ta sallame su ita ce ta rubuta bisa ƙarfe cewa su suka aikata. Hukuncin 1955 bai canza ba, amma wanda ke faɗin gaskiyar ya canza.

4. Wane ne ke biya?

Allon bakin kogi, a wurin da ake kira Graball Landing, wani kwamitin gunduma ne ya kafa shi a 2008. Na farko aka sace shi. Na biyu aka yi ta harbinsa har aka ƙidaya huji 317 a jikinsa. Na uku, na 2018, shi ma ya sha harsashi. A Oktoba 2019 aka kafa na huɗu, wanda harsashi ba ya hudawa. Wannan ya nuna kuɗin allo ba ya ƙarewa ranar buɗe shi: akwai gyara, akwai tsaro, akwai sakewa, kuma ƙaramin kwamiti ba ya iya ɗaukar wannan nauyi har abada.

Sannu a hankali baitulmali ya shigo. A Disamba 2017 aka buɗe gidan tarihin gwagwarmayar a birnin Jackson, tare da gidan tarihin jaha; majalisa ta ba gidajen biyu dala miliyan 90. A Oktoba 2022 aka kafa mutum-mutumin Till a Greenwood da dala 150,000 na jaha. Ranar 25 ga Yuli 2023 shugaba Biden ya sa wurare uku ƙarƙashin kulawar gwamnatin tarayya: bakin kogin, kotun Sumner, da majami'ar Shikago inda mahaifiyarsa, Mamie Till-Mobley, ta bar akwatin gawa a buɗe don duniya ta gani.

Sai dai aljihun guda ne ke ciyar da ɓangarori biyu. Binciken da mujallar Smithsonian ta buga a 2018 ya gano aƙalla dala miliyan 40 na haraji da suka tafi wajen kula da wuraren tunawa da sojan Kudu cikin shekara goma.

5. Kammalawa

Kuɗin gwamnati suna ba kalma ƙarfi da tsawon rai, amma suna ba hukuma damar tace ta, domin mai biya yana da ta cewa. Saboda haka ɗalibin da zai yi nazarin irin wannan matani ya kamata ya yi tambaya uku: wa ya biya, wa ya amince da kalmomin, kuma a wace jimla aka ambaci aikau.