Injin Fetur Ko Na Hasken Rana: Wanne Ya Fi Wa Mai Noman Rani?

Jama'a, ruwa ya ɗauke, masu lambu sun fara gyaran fadama. Saboda haka makon nan za mu yi magana a kan ban ruwa da kuɗin da yake ci.

Dattawa sun san zamanin jigo, lokacin da ƙarfin mutum ne kaɗai jarinsa. Daga baya ƙaramin injin fetur ya shigo, musamman bayan shirin Fadama da aka fara da taimakon Bankin Duniya a farkon shekarun 1990. Mutum ɗaya ya riƙa shayar da abin da goma ba su iyawa da guga. Amma fa ribar injin nan ta dogara ne a kan arahar mai, arahar kuwa a wancan lokaci Gwamnati ce take biyanta.

Ran 29 ga watan Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin Gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Duk mai tumatir a Kadawa ko mai shinkafa a kwarin Haɗeja ya ji a jikinsa.

To, bari mu yi lissafi. A ce injinka yana shan lita 4 duk ranar ban ruwa, kana yi sau biyu a mako har mako 16. Watau lita 128 ke nan. A kan naira 190 kuɗinta 24,320. In ka saya a kan naira 900, ya zama 115,200. Ba mu sa baƙin mai da fulogi da ladan makanike ba. Kowa ya sa nasa adadin ya gani.

A wannan lokaci kuma farantin nan mai kama hasken rana ya mai da shi lantarki, wanda ake kira sola, sai ƙara araha yake yi. Daga 2010 zuwa 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari, domin masana'antun ƙasar Sin suna ƙera shi da yawan gaske. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na duniya daga can yake fitowa.

Bambancin injinan biyu kamar haka yake. Na fetur doki ne: sayensa da sauƙi, ciyar da shi ne aiki. Na rana kuwa tsada gare shi ranar saye, sa'an nan ba ya neman ko anini na mai, farantin kirki kuma yakan yi shekara 20 ko fiye. Ka raba kuɗinsa da abin da kake kashewa a mai kowane rani, sai ka ga rani nawa zai yi kafin ya biya kansa. Abin da ya biyo baya naka ne.

Wuyar dai ita ce tara kuɗin farko. Mai hali zai saya ya huta, talaka ya ci gaba da sayen mai galan galan, su haɗu a kasuwa ɗaya da kwandon tumatir, farashi ɗaya. Nan ne hatsarin yake. A Indiya, tun 2019 Gwamnatin tsakiya da ta jiha sukan ɗauki wajen kashi 60 cikin ɗari na kuɗin injin, manomi ya cika sauran, wani ɓangare da rancen banki. Mu a nan, kafin irin wannan ta samu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabtan lambu uku ko huɗu suna iya yin adashi, ko su shiga jam'iyyar gama kai, su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. 'Yan kasuwa kuma da za su ba da shi bashi a biya bayan girbi, da sun sami ciniki.

Sai dai a kula. Injin rana ba ya aiki da dare sai da batir, batir kuwa tsada ne. Hazon hunturu yana rage masa ƙarfi, don haka a riƙa goge ƙurar faranti da tsumma mai laushi. Ɓarayi suna sonsa, kada a bar shi a fadama ba tsaro. Kafin a saya a gaya wa malamin gona zurfin rijiya da girman lambu, don kada a sayo wanda bai isa ba, ko jabu. Kada kuma a ce tun da ba a sayen mai sai a bar shi yana ta zuba. Ruwan ƙasa yana da iyaka, in rijiya ta ƙafe ba ranar da za ta cika ta sai damina.

Wanda injinsa na fetur yake da lafiya kada ya yar. Amma daga yau ya riƙa rubuta kowace lita da ya saya. In rani ya ƙare, takardar za ta ba shi shawara.

Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.