Me Ake Kora Gasasshen Kifi da Shi?

A ƙauyukan gabashin Verona, arewacin Italiya, ana yin wata farar giyar inabi mai suna Soave. Doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin 100 na inabinta ya zama na irin Garganega. Da sanyinta ake shan ta, galibi da kifi ko shinkafa mai romo, domin ɗan tsaminta na wanke maiƙo daga harshe.

Masu gashin kifi na Barnawa da Narayi da Sabon Tasha sun san sirrin tsami, shi ya sa sukan yanka lemon tsami a gefen karfasa ko tarwaɗa. A wannan ɓangare na Kaduna, inda Kiristoci suka fi yawa, akwai masu kora kifinsu da giya. Kamfanin giya na Nigerian Breweries ma ya fara aiki a Kakuri, a Kaduna, a 1963. Musulmi kuwa, da addini ya haramta musu barasa, ba su yi asarar komai ba. Zoɓo mai sanyi da citta, wanda ba a cika masa sukari ba, yana yin wannan aiki sarai. Haka ma jiƙon tsamiya.

Inda Soave za ta gaza shi ne yaji. Kifin Italiya ba ya shan barkono irin namu, kuma barasa ƙara raɗaɗin attaruhu take yi. Nono ne ke kashe shi, saboda maiƙonsa da wani sinadarin da ke cikinsa suna kwashe abin da ke ƙona baki.