Bakin Taga da Iyakar Gona

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta da damina, ko ya ratsa ƙauyukan Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi, zai ga gona manne da gona har iyakar ganinsa, gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin ɗorawa da gawo. A nan ƙasa ba ta hutawa, kowace shekara sai an nome ta, da takin da ake kai mata a mangala. Tun a shekarun 1960 wani Bature mai suna Michael Mortimore ya yi nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa ɗaya ba ta mutu ba. Cikin dabarun da suka riƙe ta har da kula da iyaka. Manomi yakan dasa gamba ko lalle ko aguwa ko bini-da-zugu a gefen gonarsa, domin ya san daga gefe ruwa yake fara zaizaya, ta gefe akuya take shiga, a kan gefe ake rigima da maƙwabci.

Wannan sani nake so mu shigo da shi cikin gida, yanzu da ginin bulo da siminti yake maye gurbin tubali a ƙauyukanmu. Maigida zai je Ƙofar Ruwa ya sayo tayil, a shimfiɗa a ɗaki da falo. In an samu ragowa sai a tuna da kicin, a ce wa mai aiki, "Malam, ɗan lallaɓa mana bakin tagar nan, ai wurin kaɗan ne." Gaskiya kaɗan ne, faɗinsa bai wuce kaurin bulo mai inci 6 ko 9 ba. Amma a nan uwargida take ajiye gishiri da ashana da daddawa da kwalbar man gyaɗa. A nan manja yake ɗiga, hayaƙin kara yake kwanta, ƙurar hunturu take taruwa. Siminti tsirara yana shan maiƙo har ya yi baƙi, tayil kuwa tsumma ɗaya ya ishe shi. Ƙaramar gona ce da ake nomawa sau uku a yini.

Ba a shuka sai an yi shara. A kankare tsohon fenti da toka da duk filastar da ta saki, a wanke wurin, a yayyafa masa ruwa. In bangon na ƙasa ne, kada a yaudari kai, tayil ba ya zama a kan yaɓe. Sai an fara zuba masa gadon siminti da yashi, an bar shi ya yi kwanaki ya kama. Tayil ɗin bango mai jan baya yana shan ruwa sosai, don haka in da siminti za a sa shi, a jiƙa shi a baho tukuna, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi gari. In kuwa da gam ɗin tayil za a yi, ba sai an jiƙa ba.

Mai huɗa da shanu ya san in kunyar farko ta karkace, duk na bayanta sun karkace. Haka tayil ɗin farko. A jera su a bushe kafin a taɓa kwaɓi, a faro daga tsakiya, domin yankan da zai rage a hagu da dama ya zo daidai. Gefen da ya fito daga kamfani, mai santsi, shi ake juyowa gaba inda hannu yake taɓawa, gefen da aka yanka a tura shi baya jikin ƙarfen taga. A shafe bayan kowane ɗaya da kwaɓi har kusurwa huɗu, ban da ɗan curi a tsakiya da wasu suke yi don tsimin siminti. A bar tsakani na milimita 2 ko 3, ko tsinken ashana ya isa awo. Sannan a lura da gangara, kamar yadda manomi yake duba inda ruwa yake bi kafin ya ja kunya. Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina na dā suke ƙara wa bangon gabas kariya da makuba. Ɓangaren waje na bakin taga dole ya ɗan sunkuya waje, leɓensa ya zarce bango da kamar santimita 2, ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin gini.

Sai kuma iyakar kanta, wato leɓen gaba, inda tayil na kwance ya haɗu da na tsaye. Hanya uku ake bi. Akwai siririn ƙarfen alminiyam ko na roba da ake cusa gindinsa ƙarƙashin tayil tun kwaɓi yana ɗanye, ya rufe kaifin. A sayi wanda ya yi daidai da kaurin tayil ɗin, kuma na ƙarfe ya fi jure bugun tukunya. Akwai feƙe gefen biyun da injin yanka a karkace, digiri 45, su haɗu kamar abu ɗaya. Wannan ya fi kyan gani, sai dai yana son gwanin hannu da wuta ko janareta, kuma bakinsa bai da wuyar ɓantarewa. Akwai kuma hanyar mai ƙaramin ƙarfi: a bar na sama ya rufe kan na ƙasa, a goge kaifinsa da dutsen wasa wuƙa, a cike lungun da farin siminti, a murza shi da yatsa ya yi kumbo. Kowacce ta yi, in an yi ta da gaskiya. Abin da bai yi ba shi ne a bar gefen a buɗe, kamar gonar da aka shuka aka ƙi shingewa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A kicin kuwa masu shigar su ne ruwan wanke-wanke da tururuwa da kyankyaso, kuma kaifin tayil yana yanka yatsa kamar reza, na uwa ko na yaron da ya miƙa hannu ɗaukar ashana.

Bayan kwana ɗaya a cike tsakanin da farin siminti, a goge da soso mai laima kafin ya bushe a fuska. A toshe layin da ke jikin ƙarfen taga da kusurwoyi biyu na hagu da dama sosai, don nan ne kwarin gonar, nan ruwa yake kwanciya. A hana ɗora kaya har kwana biyu ko uku.

Manomin kirki ba ya sallamar 'yan ƙwadago daga bakin hanya, sai ya zaga gona har ƙarshenta. Maigida ma ya yi haka kafin ya biya cikon kuɗi, kuma ya kira uwargida, tunda ita ce mai wurin. A ƙwanƙwasa kowane tayil da bayan cokali: wanda ya yi amon fanko akwai rami a ƙarƙashinsa, a cire a sake. A zuba kofin ruwa a waje a ga inda ya nufa. Ita kuma ta bi leɓen da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ta ce, "Maigida, nan yana karta," to aiki bai ƙare ba, kuma gyaransa yau, da mai aiki yana tsaye da kwaɓi a kwano, ya fi sauƙi a kan kiransa bayan ruwan Agusta.