Kwana Uku a Kumasi da Guzuri Kaɗan

Yawancin mutanenmu sun ɗauka cewa yawon buɗe ido sha'ani ne na attajirai da manyan ma'aikata, shi kuwa talaka ba ya ɗaure kaya sai fatauci ya kira shi, ko biki, ko ta'aziyya. Saboda haka sai ka tarar da magidanci ya shekara ashirin da iyalinsa bai taɓa fita da ita don su ga gari su huta ba, alhali kuwa abin da yake kashewa a hidimar suna guda ɗaya ya isa ya kai su wani birni ya komo da su. Nufina a nan shi ne in nuna, da misalin Kumasi ta ƙasar Gana, cewa miji da mata masu matsakaicin ƙarfi suna iya yin kwana uku a babban birni, su ga abin da ya cancanci gani, su ci halal mai daɗi, ba israfi, ba kuma ƙasƙanci, muddin sun san inda za su sauke kayansu.

Wurin saukar kuwa Zango ne, domin Bahaushe ba baƙo ba ne a ƙasar Tonawa, wato mutanen Kumasi da kewayenta. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fataken Kano da Katsina yake bin hanyar Gwanja da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata, ya sayo goro a kasuwar Salaga. Da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Tonawa ya raunana, sa'an nan basasar 1892 ta watsa Salaga, sai 'yan kasuwa suka bazu, da yawansu suka gangaro har Kumasi bayan Turawa sun kama ta a 1896. Daga wannan zama ne unguwannin Zango irin su Alabar da Akwatia Line da Sabon Zango da Asawase da Aboabo suka bunƙasa, inda a yau Hausa ce ke haɗa Mosawa da Dagwambawa da Zabarmawa da Fulani da Wangarawa a masallaci da kasuwa. Fa'idar wannan ga mai ɗan guzuri a bayyane take: ba ya bukatar tafinta, ba a yi masa farashin baƙo, kuma daga Alabar da ƙafa ake zuwa fadar Manhyia da kasuwar Kejetia.

Amma a nan akwai wata nasiha da nake so mai karatu ya riƙe, ko da ta saɓa wa al'ada. Mutum yakan ce ai ina da ɗan'uwa a Aboabo, me zai sa in biya kuɗin ɗaki? To, gidajen Zango gidajen haya ne masu cunkoso, iyali goma a tsakar gida ɗaya, banɗaki na kowa da kowa. Kuma maigida, saboda kunya da karamci, zai tashi 'ya'yansa daga ɗaki, ya kai matar wajen mata, ya kai mijin wajen samari, ya ci bashi ya yanka kaza. Ka ga an raba waɗanda suka fito don su kaɗaita, an kuma ɗora wa bawan Allah nauyin da bai shirya ba; in ka lissafa tsarabar da za ka kai masa da alherin da za ka raba wa yaran gida ranar sallama, sai ka ga bai gaza kuɗin masauki ba. Abin da ya fi maslaha shi ne a kama ɗaki mai fanka a ƙaramin gidan baƙi kusa da Zango, a duba ruwa da makulli da gidan sauro kafin a biya, sa'an nan a je a gai da 'yan'uwa da la'asar, zumunci ya samu haƙƙinsa ba tare da takura ba. Idan akwai inda ya kamata a ɗan saki hannu a wannan tafiya, to, ɗakin ne.

Ciki kuwa ba shi da tsada a Zango ga wanda yake sammako. Bayan sallar asuba masu koko sun riga sun kafa teburinsu a bakin titi: koko ne na gero mai tsami, da citta da kanumfari da barkono har yana ɗan yaƙar maƙogwaro, ana ɗebowa daga babbar tukunya da aka naɗe da tsumma don kada ya huce, ga ƙosai yana fitowa daga mai a gefe. Wanda ya jira hantsi sai ya nemi layin waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har suka yi ja. Mai sayarwa takan shimfiɗa koren ganye a tafin hannunta, ta zuba gwargwadon kuɗin da ka faɗa, sa'an nan ta dube ka tana jiran sauran umarni: garin rogo da aka jiƙa da mai, taliya, dafaffen ƙwai, ganda, soyayyen kifi, da baƙin yajin nan da suke kira shito. Kowane ƙari da kuɗinsa, kuma a nan ne mai kwaɗayi yake faɗawa, don kuwa asalin abincin araha ne, rakiyar ce ke ninka shi. Miji da mata su sayi ƙunshi ɗaya babba da ƙwai biyu, ya riƙe su har azahar ta wuce. Da dare ga tuwon zafi da miyar ayoyo, ga tsire da suke kira cicinga, ga zoɓo da lamurje masu sanyi. Ranar Lahadi kuma al'adar gari ce a ci tuwon shinkafa da miyar gyaɗa.

Bai kamata a bar Kumasi ba a ɗanɗana sakwarar Tonawa ba, wadda ake kirɓawa da rogo da ɗanyar ayaba, sai dai a nan Musulmi yana bukatar taka-tsantsan, domin a ɗakunan abincin cikin gari akan sami naman alade da naman dajin da ba a san yankansa ba, wani lokaci a tukunya ɗaya da sauran nama. Mafita daga shubuha ita ce a ci a wurin Musulmi, ko a nemi miyar kifi zalla bayan an tambaya an tabbatar. Tambayar ba abin kunya ba ce. Mutanen Kumasi sun daɗe da zama da Musulmi, sun san dalilinta.

Game da wuraren gani, fadar Manhyia ce ta farko, kuma ita ce ta cancanci kuɗin shigarta fiye da kowace. Turawa ne suka gina tsohon gidan a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya, bayan ya komo a 1924 daga tsibiran Seshel inda suka tsare shi, aka kuma mai da gidan ɗakin tarihi a 1995. A 2024 aka kawo kayan zinariya da na sarauta guda 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan, waɗanda aka kwashe a yaƙe-yaƙen da suka gabata. Abin mamaki, aro aka ba masu kayan, ba mayarwa ba. Mai hankali sai ya daidaita tafiyarsa da bikin Akwasidae, wanda ake yi ranar Lahadi kowane mako shida, inda Sarki Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ya hau gado a 1999, yake zama a fili ƙarƙashin manyan laimomi, hakimai suna zuwa gaisuwa sun saukar da mayafi daga kafaɗa sun tuɓe takalmi, tambura da ƙahonin hauren giwa suna tashi. Kada dai a sa baƙi ko ja, don kuwa su ne tufafin makoki a wurinsu. In an zo gai da jama'a a zaune kuma, daga dama ake farawa. Wanda ya san fadar Kano ko ta Katsina zai sami abin kwatantawa da yawa, balle in ya ji cewa tun 1817 wani Bature mai suna Bowdich ya tarar da malaman Musulmi a fadar Kumasi, kuma har yau babbar rigar yaƙin sarki lulluɓe take da layu.

Sauran wuraren rana ɗaya ta ishe su. A Adum akwai ganuwar da Turawa suka gina a 1897, inda mayaƙan Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu, suka tsare Gwamna Hodgson a 1900 bayan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta sarautar Tonawa ya zauna. Yanzu ɗakin tarihin soja ne. Yamma da Kejetia akwai cibiyar al'adu, inda kallon masaƙa da masassaƙa ba ya cin ko kwabo, gaba kaɗan kuma, a harabar asibitin Komfo Anokye, ga takobin da suka ce bokan Sarki Osei Tutu na Farko ya kafa a ƙasa, ba mai iya zarewa. Wannan a dube shi da idon tarihi, ba da idon aƙida ba. Ita kuwa Kejetia, kasuwa ce da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma haɗarinta ga aljihu bai tsaya ga ɗan sane ba: uwargida za ta ga atamfa, maigida zai ga takalmi. Su yanke kuɗin tsaraba tun a ɗaki, su bar ragowar a can.

Rana ta uku, in da sauran ƙarfi, a shiga motar haya da suke kira trotro daga tashar Asafo zuwa Kuntanase, daga nan a gangara ƙauyen Abono a bakin tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da birni. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama tun fiye da shekara miliyan ɗaya ya haƙa ramin, duwatsu masu duhuwar itace suka kewaye shi. Masuntan wurin kuwa a kan falankin itace suke zama su yi tuƙi da hannu, bisa wata tsohuwar al'ada tasu. A tafi da ruwan sha da tabarmar salla, a sayi soyayyen kifi a can, a kuma taso kafin la'asar sakaliya, don motoci suna ƙaranci da yamma.

Ga wanda zai taso daga Nijeriya, biza ba ta hau kansa ba, amma fasfo (ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS) da katin rigakafin shawara wajibi ne, kuma gara ya guji watannin Mayu da Yuni, lokacin da ruwan sama yake iya tsare mutum a ɗaki yini guda. A mazhabar Malikiyya, matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana da rangwamen ƙasaru, sai fa in ya bi limami mazaunin gari, ya cika tare da shi. In kuwa Juma'a ta riske su a can, to, babban masallacin Kumasi, wanda aka sabunta aka sake buɗewa a 2023, yana nan cikin Zango, sai dai a je da wuri, don tun kafin zawali sahu yake fara cika.